Hayaniyar Ƙarƙashin Taga

"Karanta min abin da na'urar ta ce," in ji Baba Waya daga kan gado.

Na durƙusa bayan kabad, inda na'urar intanet ɗin take. Ni ba gwanar gyara ba ce, littafi kawai na sani, shi ya sa ake ce min Farfesa. Amma ni ya aika aka kira daga gidanmu da ke jikin nasa, wai intanet ɗin layinmu ya mutu.

Baba Waya ya fara ne da gyaran waya a ƙarƙashin lema. Daga baya ya ƙirƙiro manhajar da masu ƙananan shaguna ke odar kaya da ita, kamfanin ya bunƙasa, ya sayar, ya dawo tsohon gidansu. Ya zuba kwamfutoci a makarantu, ya biya wa marayu karatu, amma mu ba wannan muka fi sani ba. Mu dai mun san ya bar intanet ɗin gidansa a buɗe, babu lambar sirri. Kullum da yamma dakalin ƙarƙashin tagarsa cike yake: masu aikin makaranta, tela mai neman sabon ɗinki, masu gardamar ƙwallo. Ni ma can ƙarshen dakalin nake raɓewa in sauke littattafai.

"Farfesa, kin yi shiru. Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Baba." Na ɗago filogin daga ƙasa. "A cire take daga soket."

Matarsa, da muke kira Anti, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ni na cire," ta ce. "Likita ya ce a ba ka shiru. Waɗannan jikokin naka na aro ba sa barin mutum ya runtsa."

"Ai tun da kika kore su ban runtsa ba. Shirun nan kamar an riga an kai ni."

"Ka daina irin wannan magana!"

"To ki daina yi min gwajin kabari." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ta ajiye kofin, ta tallafo kansa har ya lafa.

Ina riƙe da filogin, na rasa wanda zan bi. Anti ba ta dube ni ba.

"Sa masa," ta ce. "Amma ranar da ba ya nan, wallahi da hannuna zan naɗe wayar."

Na sa. Fitilar ta yi ja, ta yi ta ƙyaftawa, sannan ta koma kore. Kafin in gama kakkaɓe gwiwata sai ga muryar tela daga waje: "Kai jama'a, ya dawo!" Baba Waya ya lumshe ido. Da gardamar ƙwallo ta kaure, ina kallon laɓɓansa suna motsi, yana goyon bayan wani ɓangare. A haka barci ya ɗauke shi.

Bai ƙara sati ba. Ya rasu wata yamma, dakalin a cike.

Bayan an watse daga zaman makoki, babu wanda ya koma dakalin. Kunya muke ji, kuma na faɗa wa kowa rantsuwar Anti. In na wuce, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Ran nan ta leƙo ta tagar.

"Ke, Farfesa. Zo ki duba min abin nan. Ina jin ya lalace."

Na shiga. An ɗauke katifar, ɗakin sai ƙamshin sabulu. Na'urar kuwa ta bar bayan kabad, tana bakin taga, an shimfiɗa mata ɗan kyalle.

"Lafiyarta ƙalau, Anti. Ga fitilar nan kore."

"To me ya hana su zuwa?"

Na fita, na zauna a tsakiyar dakalin, inda ban taɓa zama ba, na buɗe littafi a wayata. Can sai tela ya iso, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya zauna. A samanmu na ji Anti ta jawo kujera kusa da taga.