Dardumar Nane Kokab

Da Nane Kokab ta rasu, babu abin da aka yi gardama a kansa cikin kayanta, domin tun tana da rai ta faɗi mai kowane abu. Masaƙa da almakashi da matajin ƙarfe na babbar 'yarta ne, Zarrin. Babbar dardumar nan kuwa mai farar tsakiya da jan baki, wadda duk ƙauyen Sarasiyab ke misali da ita, ta ce ta ƙaramar ce, Nahid.

Zarrin ta karɓi rabonta a gaban mutane. Amma ranar da mijin Nahid ya naɗe dardumar ya ɗora a kan motarsa zuwa Kashan, ta shiga ɗaki ta zauna gaban masaƙa, ta kasa ɗaura ko ƙulli ɗaya.

Tana da shekara tara aka kafa dardumar nan. Shekara uku tana zaune a kan katako kusa da uwarta, uwar na rera launuka tana ɗaurawa, har yatsunta suka tsage suka warke suka sake tsagewa. Nahid a lokacin tana makaranta. Ba ta taɓa koyon bambanta zaren tsaye da abawa ba, ta girma da hannu mai laushi, ta auri Aga Yadolla mai shagon magani a birni. Ita ce aka ba dardumar.

Shekara biyu bayan haka, ana saura mako biyu Nauruz, bikin sabuwar shekara, matan ƙauye suka fito da dardumominsu bakin marmaro kamar yadda aka saba. Mai kaɗe ƙura da sanda na yi, mai tattakawa cikin ruwa na yi, an shanya waɗanda aka gama a kan duwatsu. Zarrin na durƙushe tana goga kumfar saiwar cubak, sabulun masaƙa, a tata dardumar, sai ga motar Aga Yadolla. Ya sauke matarsa da dardumar da manyan tukwane biyu, ya ce zai dawo da la'asar.

"Abji!" Nahid ta kira yayarta da murna, ta rungume ta. "Kin ga wadda na kawo miki ziyara? Masu wankin birni na so su karɓa, na ce a'a, ruwan garinmu ta sani."

"Sannu da hanya," in ji Zarrin. Idonta na kan zoben da ke yatsan ƙanwarta. "Ashe kin tuna hanyar marmaro."

Aka shimfiɗa dardumar. Mata suka bar aikinsu suka kewaye ta. Hala Robabe, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta shafa gefenta ta ce, "Allah ya jiƙan Kokab. Ta san inda za ta ajiye abu mai kyau. Gidan birni, ba hayaƙi, ba awaki."

"Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a kanta," in ji Nahid. "Wani ma cewa ya yi a rataye ta a bango."

Zarrin ta koma ga tata ta ci gaba da gogewa da ƙarfin da ya fi kima.

Can ta ga Nahid ta hura wuta ta ɗora tukwanen, ta kuma fito da kwalin garin sabulu irin na wankin tufafi. Duk wanda ya taɓa ulu ya san darduma ba ta son ruwan zafi. Amma akwai abin da ita kaɗai ta sani yanzu a duniya. Jan dardumar duk na saiwa ne, rinin Nane, wanda ba ya zuba. Sai dai a shekarar ƙarshe ta saƙar ulun ya ƙare, hanya kuma ta rufe da ƙanƙara, suka cike kusurwa ɗaya da jan ulun kanti da suka samu wurin wani mai talla. Faɗin tafin hannu huɗu ne. Da hannunta ta ɗaura shi.

Ta buɗe baki, sai ta ji Hala Robabe na tambayar Nahid ko gaskiya ne gidanta na da famfon ruwan zafi har biyu. Nahid ta yi dariya ta ce uku ne. Zarrin ta rufe bakinta. A ranta ta ce, ai mai darduma ta san yadda ake wanke abarta.

Nahid ta barbaɗa garin, ta kinkimo tukunya ta sheƙa.

Da farko babu abin da ya faru. Sai kumfar da ke kusurwar ta fara sauya launi, ja ya taso yana bin ruwa, yana shiga cikin farin kamar jini a bakin mahauta. Nahid ta ƙwalla ƙara.

Zarrin ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ture ƙanwarta, ta ja kusurwar zuwa inda ruwan sanyi ke gudu. "Ku ɗaga can gefen, kada ya gangara tsakiya! Gishiri! Wa ke da khal, ruwan tsami? Ke, sauke hannunki, kada ki goga!" Mata shida suka riƙe dardumar a karkace, ita tana cikin ruwa har gwiwa tana kwarara sanyi, tana matsewa da katako daga fari zuwa ja. An tsare tsakiyar. Amma wani yanki kusa da kusurwar ya riga ya koma ruwan hoda, furanni biyu farare sun dusashe a ciki.

Nahid na zaune a kan dutse tana kuka. Hala Robabe ta dubi Zarrin ta ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda kowa zai ji, "Ke kina kallo ta ɗora tukwanen nan, 'yata. Na ga idonki."

Nahid ta ɗago. "Abji, kin sani?"

Zarrin na iya musawa. Sai ta ji abin da ta haɗiye shekara biyu ya taso mata. "Na sani! Akwai ƙullin da ban sani ba a jikinta? Shekara uku ina kanta ke kina yawo da jakar littattafai. Ko sunan rinin ba ki sani ba, amma ke aka ba!"

"To ni na roƙa?" Nahid ta miƙe tana share fuska. "Kin san abin da Nane ta ce mini? Ta ce Zarrin na da hannuna, duk ranar da ta so za ta yi irinta. Ke kuwa ba ki ɗauki komai nawa ba, karɓi wannan. Kin ji kyautar da kike ƙyashi? Riƙe abarki!"

Da Aga Yadolla ya dawo, Nahid ta shiga mota ba tare da dardumar ba.

Haka dardumar ta dawo gidan da aka saƙa ta. Zarrin ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta, ba ta ji ba. Duk safiya yankin nan mai ruwan hoda ne farkon abin da take gani. Maganar uwar kuma ba ta kwantar mata da hankali ba. Ashe har hira irin wannan Nane ke yi da Nahid, ita kuwa ban da "ja biyu, shuɗi ɗaya" ba ta tuna wata doguwar magana tsakaninsu.

Bayan Nauruz Zarrin ta ɗaure kusurwar a kan katako, ta fara tsince ƙullin da allura ɗaya bayan ɗaya. Ta daka saiwa ta rina ulu sau huɗu kafin jan ya yi daidai da tsohon. Farin ma sai da ta jiƙa shi a ruwan ɓawon rumman kaɗan don ya ɗauki kamar shekaru. Wata biyar ta yi a kai. Da ta aske gashin saƙar ta goge, Hala Robabe ta zo da tabaronta ta nemi wurin gyaran, ta nuna wata kusurwar daban.

Zarrin ta naɗe ta, ta hau motar haya zuwa Kashan. Nahid ta buɗe ƙofa, suka tsaya suna kallon juna, sannan Nahid ta kama ɗayan gefen suka shiga da ita tare. Babu wadda ta tayar da zancen marmaro.

Aga Yadolla na da baƙi a ranar. Ya nuna musu dardumar yana cewa, "Aikin marigayiya surukata ne."

"Da na Abji," in ji Nahid tana zuba shayi.

Zarrin ta yi kamar ba ta ji ba. Tana duban falon, da labule, da kofunan gilashi masu bakin zinariya, da yadda dardumar ta zauna a wurin kamar don shi aka yi ta. Abin ya sake sukar ta.

"Rana na dukan gefen nan ta taga," ta ce. "Ki riƙa juya ta duk wata shida. Ki ɗage teburin can, ƙafarsa na cin gashin. Da bazara ki duba bayanta saboda asu. Wanki kuma kada ki sake taɓawa."

Tun daga shekarar, duk gabanin Nauruz Aga Yadolla ke kawo dardumar Sarasiyab, Zarrin ta wanke ta ita kaɗai, ta shanya a dutsen da ya fi kowanne tsabta. Ranar da za a zo ɗauka kuwa, 'yan gidanta sun san ba ranar tambayar ta komai ba ce.