Ɓauren Da Ya Haɗiye Iyaka

Itacen ba ya nan.

Maefai ya tsaya da adda a hannu, baki buɗe. A kan tudun nan kakansa ya shuka itacen ngali, dogon itace mai ƙwayar da ake ci, ya yi masa sara uku a gindi, ya ce daga nan zuwa rafi ƙasar gidansu ce. Shekara talatin da ɗaya yana dako a tashar jiragen ruwa ta Honiara, babban birnin tsibiransu, bai taɓa shakkar haka ba. Yau ga wani ƙasurgumin ɓaure a wurin, saiwoyinsa sun sauko daga sama sun sarƙe kamar tufkar igiya. Tattabarun daji na ta ɓaro 'ya'yansa ƙasa.

"To, ɗan birni," in ji Ofasia, maƙwabcinsu, wanda tuni ya yi wa masu yankan katako alkawarin gangaren. "Ina ngalin? Ko kakan naka tsuntsu ne? Wannan dai kashin tsuntsu ya shuka shi."

Waɗanda suka biyo su suka tuntsire da dariya. Dattijo Dauara, wanda zai raba gardamar, ko murmushi bai yi ba.

"Kun san al'ada," ya ce. "Abin da hannu ya shuka shi ne shaida. Ɓaure ba na kowa ba ne."

Ngelea, yayar Maefai, wadda gwazanta da dankalinta ke gangaren, ta matso kusa da shi. A hankali ta ce, "Ƙanena, ba kai Baba ya aika ba?"

Nan take Maefai ya tuna.

Ranar da zai bar gida ne. Mahaifinsu ya hango wani ɗan tsiro can sama tsakanin rassan ngalin, ganye huɗu kacal, ya ce wa Maefai ya hau ya tumɓuke shi tun bai saki saiwa ba. Jirgi kuwa na busa a gaɓa. Maefai ya zaga bayan tudu, ya goga ƙasa a tafinsa, ya dawo ya ce aiki ya ƙare.

Ya ajiye addar, ya kutsa ta wata kafa tsakanin saiwoyin. Ciki duhu, ga warin jemagu. Ya ɗaga kai: rami ne miƙe kamar rijiyar da aka kifar, can ƙarshensa ɗan ɗigon haske. Ƙafarsa ta nutse cikin ruɓaɓɓen garin itace. Ashe a tsakiyar ngalin yake tsaye. Ɓauren ya rungume shi, ya shaƙe shi, ya bar gurbinsa kawai. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nasa ya kai tsayin gaba goma.

Ya fito, ya faɗi komai a gaban jama'a, har gogar ƙasar. Ngelea ta dafe baki.

"Kun ji ko?" Ofasia ya tafa hannu. "Wanda ya yi wa ubansa ƙarya, mu ne zai faɗa wa gaskiya?"

Dauara ya miƙa sandarsa ga Ngelea. "Riƙe mini, 'yata."

Da ƙyar ya sunkuya ya shige. Suka ji yana laluben bangon ramin, yana nishi. Tattabarun ma suka yi tsit.

"Maefai."

"Na'am, Baba."

"Sara nawa ka ce?"

"Uku. Daidai gwiwa, ta ɓangaren rafi."

Dauara ya koma laluben bangon ta ɓangaren rafi.

"Saiwar ta bi saran ta cike shi," in ji muryar daga ciki. "Itacen ya ruɓe, ita ta riƙe shatin sara ukun. Ofasia, shigo ka sa hannunka nan."

Ofasia ya dubi kafar, ya dubi jama'a. Wani ɗan ɓaure ya faɗo kusa da ƙafarsa ya fashe.

Bai motsa ba.