Kwanar Soron Malam Salihu

Sa'ida ba don zane ta shiga foliteknik ba. Injina take so, masu ƙara da maiƙo. Amma tun da aka fara karatu sai aka zaunar da su gaban allon zane, da rula da kamfas. Malaminsu, Malam Ɗalha, mutum ne marar gaggawa. Yakan ajiye guntun ƙarfe a kan tebur ya ce a zana shi ta gaba, ta sama, ta gefe, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kaurin layi. Takardar Sa'ida kullum da jan biro take dawowa, har abin ya fara fita daga ranta.

A gida kuma, a unguwar Soron Ɗinki, akwai abin da ya fi wannan damunta. Mahaifinta Malam Salihu, mai aikin babbar riga, ya samu shanyewar ɓarin jiki da damina. Allah ya kawo sauƙi, baki ya dawo, ƙafa ce ta ƙi. Yayanta Nura ya samo masa keken marasa lafiya, sai dai keken ya ƙi fita daga gidan. Gidan tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, soronsa biyu, a tsakaninsu akwai kwanar da magina na da suke yi don kada na waje ya hango tsakar gida. Keken yakan zo har kwanar sai ya cije. Dole mutum biyu su ɗauki Malam Salihu cak su fitar da shi, a naɗe keken a biyo shi da shi. Da aka yi haka sau kaɗan a idon maƙwabta, ya ce ya yafe. Ya daina fita dakalin ƙofar gida inda abokansa suke zama bayan la'asar.

Nura ya kawo shawarar a fasa bangon.

"Kakana ne ya ɗora azarar nan," in ji Malam Salihu. "Ku bari sai bayan raina."

Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Ana nan sai Malam Ɗalha ya kai su ɗakin kwamfuta. Ya nuna musu yadda ake jan layi da maus, a rubuta tsawonsa, ya tsaya daidai ba ƙari ba ragi. Ya zana murabba'i, ya ɗauke shi, ya juya shi, ya kai shi wani gefen allon. Sa'ida ta kafa wa murabba'in ido yana juyawa, ba abin da ya faɗo mata sai keken Baba.

Da aka tashi ta tsaya. "Malam, in na zana ɗaki, na zana abu a cikinsa, zan iya tura abin in ga ko zai wuce ta ƙofa?"

"Za ki iya. Wane ɗaki ne?"

Ta ba shi labari. Ya saurara har ta gama, sannan ya jawo durowa ya miƙa mata tef ɗin awo. "Ki auno komai. Ki zana shi kamar an ɗage rufin kina leƙawa daga sama."

Ranar Asabar da hantsi ta auna soron, Nura yana riƙe mata bakin tef yana cewa aikin banza ne. Ta auna keken, faɗinsa da tsawonsa. Ranar Litinin ta zuba lambobin a kwamfuta. Ta daɗe tana fama, layi ya ƙi haɗuwa da layi, ta goge ta sake. Da zanen ya kammala sai ta kama keken da maus ta tura shi cikin kwanar a hankali. Ya cije daidai inda yake cijewa a gida, har ta yi murmushi ita kaɗai. A nan ta ga abin da duk gidan ba su gani ba. Su duka faɗin keken suke zargi, ashe tsawonsa ne. Matakin da ake ɗora ƙafa shi ne yake tokarar bango kafin tayoyin baya su gama juyawa. Ta rage tsawon matakin a zanen, keken ya wuce sumul.

Ta zana sabon matakin ta fuska uku, wannan karon da kulawa, ta kai wa Muttaka mai walda a hanyar Goron Dutse. Ya duba takardar ya ce ya gane. Washegari ya yanke, ya liƙe, ya shafa fenti.

Suka gwada da keken ba kowa a kai. Gaban ya wuce kwanar, amma tayar baya ta gogi bango ta tsaya. Nura ya naɗe keken ya jingine.

Sa'ida ta koma wa Malam Ɗalha. Ya duba zanen ya ce ba laifi a cikinsa.

"A ina kika ɗora tef a jikin bangon?"

Ta nuna daidai ƙirjinta.

"Tayar kuma a ina take tafiya?"

Ta dubi ƙasa. Sai ta tuna yadda bangon soronsu yake: mai kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kamar yadda ake ginin tubali.

"Kallon sama kaɗai ba ya isa," in ji Malam. "Ki yanka bangon a zane kamar kin yanka kabewa, ki ga cikinsa."

Ta koma ta tsuguna ta auna a ƙasa, daidai tsayin taya. Hanyar ta fi yadda ta zata matsi da kusan faɗin tafin hannu. Da ta gyara zanen, keken ya sake cijewa a kwamfuta. Ta yi ta gwadawa ta nan da ta can, har dabara ta zo mata ta juya shi ya shiga da baya. Manyan tayoyin suka fara shan kwanar, gajeren matakin ya biyo su ba tare da ya taɓa komai ba.

Da la'asar ta samu mahaifinta a tsakar gida. "Baba, ka yarda mu gwada sau ɗaya. Ba wanda zai ɗauke ka."

Ya dube ta, ya dubi keken. "Miƙo mini hulata."

Nura ya kama keken ya ja da baya, Sa'ida tana gabansu tana cewa ya karkata hagu kaɗan, ya dakata, ya ci gaba. Malam Salihu ya ƙanƙame hannun keken da hannunsa mai lafiya. Taya ta wuce bangon da ƙyar, amma ta wuce. Sai ga su a soron waje, hasken lungu yana shigowa ta ƙofa.

Mutanen dakali suka miƙe ana ta barka da fitowa, wani ya janye tabarma don a samu wurin keken. Malam Salihu ya gyara zaman hularsa, ya ce wa Nura kada a zo mayar da shi sai an yi magariba.

Sa'ida ta ɗan tsaya a cikin soro inda ba a ganinta. Ta ji ana yi masa tsiya wai ya yi ƙiba a ɓoye, ta ji ya rama, aka kwashe da dariya. Daga cikin gida aka kira ta ta zo ta duba tukunya, ta amsa ta shiga.