Faɗuwar Baba Grigore

Dumitra tana cikin tuƙa tuwon masara aka buga ƙofarta da ƙarfi. Inna Veturia ce, tsohuwar da ke hawan sama da nata, ko takalmi babu a ƙafarta.

"'Yar nan, zo ki kama mini! Tsohon nan ya faɗi a kicin, na ja na ja ya ƙi tashi."

Dumitra ta kashe wuta ta bi ta. Suka iske mijinta, Baba Grigore, kwance tsakanin firji da tebur, ya murtuke fuska.

A gidan burodi Dumitra take aiki, amma duk Asabar takan je aikin sa-kai a gidan jinyar masu ciwon ajali, nan cikin birnin Brashov. Can aka koya mata cewa tsoho in ya faɗi ba a fizgarsa. Sai ta zauna a ƙasa kusa da shi kamar wadda ta zo hira.

"Baba, me ya kawo ka nan?"

"Zuma na hau ɗaukowa. Ta ɓoye ta a saman kabad, sai ka ce da ɓarawo take zaune."

"Likita ya hana ka!" in ji Veturia.

Dumitra ta tambaye shi ko ya bugu a kai, ya ce a'a. Ta sa ya motsa ƙafafunsa, ta taɓa ƙugunsa tana kallon idonsa. Da ta ga babu ciwo, ta jawo kujera. Ya juya gefe, ya durƙusa, ya dafa, ya miƙe da kansa yana haki. Tafin hannunta kawai ta ɗora a bayansa.

Yana zama ya ce, "Kada Ilinca ta ji."

Ilinca ce 'yarsu ɗaya tilo, tana aiki a Italiya. Ta riga ta ce in ya sake faɗuwa, gidan tsofaffi za ta kai shi.

"Ni ba zan kira ta ba," in ji Dumitra. "Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Ta nemi wuri ta zauna. Ta sha zama a bakin gadon marasa lafiya, ta san maganar gaske sai an jira ta. Veturia ta ɗora shayi. Can Grigore ya nisa.

"Ba gidan nake tsoro ba. In aka tafi da ni, wa zai riƙa tuna wa tsohuwar nan maganinta? Shekara hamsin ban taɓa kwana ban ji mitarta ba."

Veturia ta juya baya tana goge kofin da yake a goge.

Dumitra ta ce, "To haka za ka faɗa wa Ilinca, Baba. Ka kuma ce ina nan ƙasa, za ku ba ni mabuɗi. Ƙanena zai kafa muku ƙarfen dafawa a banɗaki."

Ya daɗe yana kallon wayarsa da ke kan tebur kafin ya ce a miƙo masa tabarau.

Dumitra ta fita a hankali, ta ja ƙofa. Tana sauka matakala ta jiyo muryarsa, da ƙarfi, irin ta wanda bai yarda waya na kai sauti Italiya ba.

"Ilinca? Ni ne. A'a, babu wanda ya mutu. Samu wuri ki zauna, magana zan yi miki."