Kwami Uku Masu Farin Ƙyalle

Shekara talatin da huɗu ina noman tumatir a bakin kanal ɗin Kura, ban taɓa tsayawa na zuba wa shuka ido tana mutuwa ba. Ba don yabon kai na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don a gane yadda aka yi na ɓata wa 'yata karatu da hannuna.

Sunana Maharazu. 'Yar tawa Mansura ce, ta huɗu a gidana, kuma ita kaɗai ce ta taka jami'a. Kimiyyar tsirrai take karantawa a Kano. Lokacin da ta fara na sha yi mata tsiya, na ce ban taɓa jin wanda ya bar gona ya tafi birni a koya masa ganye ba. Takan yi dariya ta ƙyale ni. A raina kuwa daɗi nake ji, don ko a masallaci aka ambaci 'yan makaranta sai na gyara zama.

A shekararta ta ƙarshe, farkon rani, ta zo gida ta same ni a zaure ina gyaran injin feshi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tashi ba, na san da magana.

"Baba, in mun gama, hanya uku ce a gaban irinmu," in ji ta. "Ko ka koyar a makarantar kuɗi, albashin bai kai ka tsakiyar wata ba. Ko ka yi wa kamfani tallan iri da maganin ƙwari, su kuma maza masu babur suke nema. Ko ka tafi digiri na biyu."

"To ki tafi digiri na biyun mana."

"Ai ba a tafiya haka nan. Amma akwai wata cibiyar binciken noma a ƙasar waje da ta ba sashenmu gurbi biyu. Su za su ɗauki karatu da ci da wurin kwana. Malamata, Dakta Aziza, ta sa sunana. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai sun ga sakamakon binciken da na yi a gona, kafin ƙarshen watan Afrilu."

Binciken nata a kan sharon ne, tsutsar nan da ke shiga cikin ganyen tumatir ta cinye shi ta ciki, kwana kaɗan ta mayar da gona kamar an cinna mata wuta. Mansura ta haɗa wani ruwan magani da ƙwallon darbejiya, tana so ta gwada ko zai tare tsutsar. Wurin gwajin take nema. Na ba ta kwami tara, ƙananan filayen nan da muke yin dashe a ciki, daga gefen da ya fi samun ruwa, ban ko yi shawara da kowa ba.

Ta yi dashe a makare da gangan, don shukar ta haɗu da zafi, lokacin da sharon ke tashi. Sannan ta kafa turaku ta ɗaura musu ƙyalle. Kwami uku jan ƙyalle, su za a yi wa feshi da maganin kanti. Uku koren ƙyalle, su za su sha nata haɗin. Uku farin ƙyalle.

"Waɗannan fa?" na tambaye ta.

"Waɗannan ruwa da taki kawai. Ko tsutsa ta cinye su ƙurmus, kada a fesa musu komai."

"A bar su su mutu?"

"Su ne ma'aunin, Baba. In ba a ga abin da tsutsa ke yi wa wanda ba a taɓa ba, ta yaya za a san maganina ya yi aiki? Don Allah, Baba. Su ne binciken gaba ɗaya."

Na ce na ji. Ta maimaita, na ce mata ba kurma ba ne ni. Ina so a rubuta wannan da kyau: ta yi mini bayani, na gane, na kuma yi alkawari. Ba jahilci ne ya ci ni ba.

Duk Asabar takan zo, ta tsuguna a cikin rana tana ƙirga ganyen da tsutsa ta huda tana rubutawa. Da zafi ya fara, sharon ta sauka. Masu jan ƙyalle suka tsaya kyam. Masu kore suka ɗan taɓu amma suka riƙe, har na fara cewa a raina yarinyar nan da gaskiyarta. Masu fari kuwa suka fara ƙonewa. A daidai nan jarrabawa ta riƙe ta a Kano, ta ce sai bayan sati uku.

Duk safiya in na zo ban ruwa sai na wuce ta gabansu. Ganye ya yi fari-fari, ya naɗe, 'ya'yan da suka fara fitowa duk huda. Na riƙa kawar da kai. Amma gonar noman rani ba ɗaki ba ce da za ka ja ƙofa, kowa na ganin ta kowa. Maƙwabcina Ɗanbaba, wanda kunya ɗaya ta raba gonata da tasa, ya tare ni a kan hanyar kanal a gaban mutane.

"Malam Maharazu, kiwon tsutsa ka koma ne?"

"Binciken yarinya ne."

"Binciken yarinya a gonarka, tsutsar kuma a tawa. Jiya na yi feshi, yau na ga sabuwar huda a layin da ke kusa da kai. In 'yarka za ta zama dakta, sai mu mu tashi da kwando wayam?"

Aka yi dariya. Wani ya ce boko ya shiga gonar Maharazu ya kori noma. Na dawo gida raina a ɓace, ko tuwo ban iya ci ba. Mahaifiyarta, Saude, ta ce in kira Mansura a waya in gaya mata. Na ce yarinya na jarrabawa, ba zan ɗaga mata hankali ba. Gaskiyar ita ce na san abin da za ta ce, kuma ba na son ji.

Washegari da hantsi na goya injin feshi don in yi wa nawa tumatirin. Da na gama akwai saura a tanki. Na tsaya a kan masu farin ƙyalle. Na ce wa kaina ɗan kaɗan ne, iyaka dai kada tsutsar ta tsallaka wa Ɗanbaba. Na ce ai sun riga sun lalace, abin da take son gani ya riga ya faru. Har na kawo wa kaina maganar nan ta abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na fesa. Bayan kwana biyar na sake, bayan wasu biyar na kuma, don wanda ya san sharon ya san feshi ɗaya wasa ne.

Tumatir shuka ce mai son rai. Suka yi sabon toho, suka murmure, suka yi shar. Wallahi da na gan su sai da na ji sanyi a ƙirjina, kamar na ciro yaro daga ruwa.

Mansura ta dawo ranar Asabar ta farkon Maris. Ina daga nesa ina kallonta. Ta tsaya a kan masu farin ƙyalle ta daɗe. Ta ƙirga, ta koma kan masu kore ta ƙirga, ta dawo ta sake. Sannan ta zo inda nake.

"Baba, waɗanda ba a sa wa komai ba sun fi nawa lafiya. Wato maganina bai yi komai ba. Ƙara musu ciwo ma ya yi."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ba wanda ya taɓa su ko?"

"Wa zai taɓa su?" na ce. "Allah ne ke rayawa."

Feshin kuskure ne, na yarda. Amma wannan amsar ita ce laifin. A ranar akwai sauran irin dashe a wurin masu reno, akwai sati bakwai a gaba. Da na buɗe baki, da ta yi fushi, ta yi kuka, ta sake dashe, ta cim ma lokacin ko da ƙyar. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gano ba. Kunyar in ce wa 'yar cikina na karya alkawari ita ta rufe mini baki.

Ta zauna a bakin kanal ta yi kuka mara sauti. Daga nan ta koma zargin kanta. Ta ce wataƙila ta yi kuskure a awo, wataƙila ƙwallon darbejiyar ya kwana biyu. Sati biyar tana hawa mota tsakanin Kano da Kura, tana sake daka, tana sake tacewa, tana sake fesa wa masu kore. Ta rame har wuyanta ya fito. Saude takan dube ni in muna cin abinci, ni kuwa ba na ɗaga kai.

Tsakiyar Afrilu muna tsinkar tumatir, Mansura na auna na kowane kwami daban a kan sikeli, sai ga Ɗanbaba ya tsallako kunya da fara'arsa. Shi a ganinsa alheri ya zo yi.

"'Yar boko, sannu da aiki! Allah ya yi miki albarka da kika bari babanki ya fesa wa waɗannan fararen. Da yanzu mun shiga uku. Sau uku fa ya bi su, a kan idona."

Mansura ba ta juyo ba. Ta sauke kwandon daga sikeli a hankali, ta ajiye, ta rufe littafinta. Ɗanbaba ya dube ni, ya dube ta, ya gane ya taka wani abu, ya koma gonarsa ba sallama.

"Yaushe, Baba?"

"Lokacin jarrabawarki."

"Kafin in tambaye ka."

Na sunkuyar da kai.

A gida na same ta a ɗakin mahaifiyarta tana haɗa kaya. Na tsaya a bakin ƙofa, ni da ban taɓa roƙon ɗa ba, na ce ta yafe mini. Sannan na ƙara da abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

"Ki rubuta cewa sun mutu mana. Ai da sun mutu ɗin. Ni shaida ne, na ga yadda suke. Wa zai zo daga ƙasar waje ya duba kwami uku a Kura?"

"Ba wanda zai zo," in ji ta. "Na san masu yin haka, kuma sun wuce lafiya. Amma in na rubuta, gobe wani zai karanta ya gaya wa manoma su bar maganin kanti su koma nawa. In ƙarya ce, gonar wa za ta ƙone? Irin taka, Baba."

Ta gaya wa Dakta Aziza gaskiya. Malamar ta rubuta wa cibiyar tana neman a ƙara lokaci, suka amsa da ladabi cewa ba sa ƙarawa, kuma shirin na waɗanda suka gama a wannan shekarar ne kaɗai. Gurbin ya koma kan wani yaro, Abdulsamad, da ke bin ta a maki. Sashen kuma ya ce ba ta da sakamakon da za a karɓa, sai ta sake gwajin a rani mai zuwa kafin a ba ta ko digirin farko. 'Yan ajinsu suka tafi bautar ƙasa. Ita ta zauna a gidan yayarta a Kumbotso tana koyar da yara a wata makarantar kuɗi, hanyar farko cikin ukun da ta lissafa mini.

Ba ta daina gaishe ni ba. Duk Juma'a takan kira, ta tambayi jikina, ta tambayi gona, ta ce a ba Inna. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da rani ya zagayo na gyara kwami tara ɗin nan, na zuba musu taki, na aika Saude ta gaya mata suna nan suna jiranta. Saude ta dawo ta ce ta gode, amma ta riga ta sami wuri. Wurin wani Bafulatani ne, Malam Ibrahimu, mai shanu da 'yar gona a ƙarshen kanal ta wajen Bunkure, inda ba maƙwabci kusa. Ba ta san shi ba, ba ta haɗa komai da shi ba, malamarta ce ta haɗa su.

Na daure wata biyu. Wata ranar Laraba na hau babur na tafi, na ce ko daga nesa in ga yadda shukar take, don na san ƙasar wajen tana da yashi, tana son ruwa akai-akai, kuma ba lalle wani ya gaya mata ba. Na sami wurin an kewaye shi da ƙaya. Malam Ibrahimu ya taso daga gindin bishiya ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. Muka gaisa sosai. Da na faɗi sunana sai fuskarsa ta canza, ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "Amana 'yarka ta ba ni. Ta ce kowa ya zo kallo in buɗe masa, har ɗalibai sun zo daga Kano. Amma ta ce in mahaifinta ya zo, in ba shi wurin zama, in ba shi ruwa, kada in bar shi ya shiga."

Na ce ba komai, ta yi daidai. Na ajiye ƙwaryar ban sha ba. Babur ɗin ya ƙi tashi sai da na yi ta bugawa, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙayar bai matsa ba har na bar wurin.