Surukar Da Ta Shiga Jarida

Mai Gurabe ake ce masa a unguwa, don shi ke shirya wa jarida wasan nan na cike gurabe da kalmomi. Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. In ya jera amsoshi, sai ya fara rubuta wa kowace amsa tambayar shaƙiyanci a kan mutanen gidansa, wai don hannu ya saki, daga baya ya goge ya sa ta mutunci. Matarsa ta sha shiga irin waɗannan tambayoyi ta fita ba ta sani ba.

To, wannan makon wasan a kan barci yake, ga kuma surukarsa a gidan. Duba jariri ta zo, jaririn har ya fara tafiya ita ba ta tafi ba. Ta ƙwace masa ɗakin aiki, ya koma teburin cin abinci, tsakanin filas da gwangwanin madara. Amma dai ta ɗaure jaka, ta ce ranar Asabar sai gida. Bawan Allah har direba ya samo mata.

Murna ce ko ƙoshi, oho. Yana cikin gyaran tambayoyi bayan abincin rana gyangyaɗi ya kwashe shi. Ya farka lokaci ya ƙure, ya tura aikin a gurguje.

Asabar da safe ya buɗe jarida. Tambayar HAMMA lafiya lau, ta MAFARKI ma haka. Sai idonsa ya faɗa kan ta bakwai a kwance: "Abin da surukata ke yi da ta sa kai a matashi, har kyanwar maƙwabta ta canza unguwa."

Ya cusa jaridar ƙarƙashin kujera ya danne da jikinsa. Aikin banza! Ga maƙwabciya ta shigo da tata a hammata, wai sallama ta zo yi.

"Mama, kafin ki tafi, wannan ta gagare ni," in ji ta. Ƙarya take, MINSHARI na nan ɓaro-ɓaro, ta riga ta cike da jan biro.

Tsohuwa ta maƙala tabarau, ta karanta a hankali, ta sake karantawa. Ba ta ko dubi inda yake ba, 'yarta ta fuskanta.

"Ke, tambayi mijinki, surukai nawa gare shi?"

"Mama, kuskuren masu bugawa ne," ya ce.

"Ce masa masu bugawa ba su san kyanwar ba." Ta cire tabarau. "Ni nake minshari? Na binne miji, na yaye 'ya'ya, ba wanda ya taɓa ce mini haka."

"Ai marigayi kurma ne, Mama," in ji maƙwabciya, ta toshe baki da gyale.

Direba ya danna oda a waje. Mai Gurabe ya yi wuf ya kama jaka zai sunkuta. Tsohuwa ta ɗora ƙafa a kai.

"Ajiye. Ba zan tafi da sharri a kaina ba. Sallami direban nan."

"Mama, har zuwa yaushe?" 'yar ta tambaya a hankali.

Tsohuwa ta zuge jaka, ta zaro matashinta, ta bubbuge shi.

"Sai ranar da na ji minsharin da kunnena."