Wayar Sista Mabel

Wata 'yar da'ira ta yi minti uku tana juyawa a fuskar wayar Sista Mabel, shafin da Charles ya gina bai buɗe ba.

Mabel ce babbar nas a wani ƙaramin asibiti a Kpakungu. Shafin intanet take so, inda iyaye mata za su riƙa duba ranar rigakafin 'ya'yansu, su daina zuwa a banza. Wani kamfani a Tunga ya turo mata ma'aikata biyu, Charles da Muniratu, kowa da nasa samfurin, ta zaɓa.

Na Charles ya sha ado kamar amarya. Ya loda masa manyan laburaren JavaScript har bakwai, masu sa hotuna shawagi da maɓallai rawa, kuma a kwamfutar ofis ba a cewa komai. Na Muniratu kuwa rubutu ne da maɓalli ɗaya. Ta tsige duk wani kaya mai nauyi, ta yi makonni tana gwada shi a tsohuwar wayar mahaifiyarta cikin Keke mai ƙafa uku a hanyarta daga Maitumbi, har 'yan ofis suka laƙaba mata 'Yar Ƙauye. Ogansu ya riga ya ce in aka ƙi nata, teburin amsa waya za ta koma. Maganar ta ci mata rai ƙwarai.

"Sista, burauzarki ce ta tsufa," in ji Charles. "Ki sabunta ta."

"Babu wuri a wayar, ɗana. Hoton jikoki ya cika shi. Wanne zan goge?" Ta nuna matan da ke kan benci. "Kuma wayata ta fi tasu."

Muniratu ta rubuta adireshin nata a allon sanarwa, Mabel ta shigar da shi a wayarta. Kafin ta gama gyara tabarau, shafin ya fito cif.

Wata mata mai goyo ta ɗaga 'yar wayarta mai maɓalli. "Ni ma ya buɗe. Laraba ce ranar ɗana Ndaman."

Sai wata, sai wata, har benci ya ɗauka. Daɗi ya kama Muniratu, ta kasa rufe baki.

"Laburare nawa kika sa?" Charles ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ko ɗaya."

"Na yarinyar nan zan ɗauka," in ji Mabel. Ta koma shafin farko, ta tarar da'irar tana nan tana juyinta.

"Amma naka ma ka bar mini, ɗana. Yara za su kalla lokacin allura."